Sikelin Mai Gwangwan

Mahaifinmu mahauci ne, saboda haka tun ina ƙarama na san ƙugiya da sikeli. Na san yadda ake rataye cinyar sa, allura ta yi 'yar rawa kafin ta tsaya, mai saye ya leƙo ya gani da idonsa. Ban taɓa kawowa a raina zan ga an rataye mutum haka ba, balle a ce ƙanena ne, wanda na goya a bayana.

Na zo Abuja ne bayan sojoji sun miƙa mulki, lokacin da kowa a garinmu yake cewa Abuja ta buɗe. Mijina ya rasu, na bar 'ya'yana wurin mahaifiyarmu can ƙasar Katsina, na biyo wata 'yar garinmu. Ita ta kai ni Apo, inda kanikawa suka taru da garejinsu, ta taya ni kafa rumfar abinci. Shinkafa da wake da safe, tuwo da rana, ga kula cike da fiya wata. A shekarun nan gari yana ta tashi. Ko'ina ka duba gini ne, manyan motoci suna wucewa da jiniya, wayar hannu ta shigo har masu wankin mota suna maƙale da ita a kunne. Duk motar da ta lalace a garin sai ta biyo ta Apo, duk wanda ya gyara ta kuma sai ya ji yunwa. Ban rasa abin aikawa gida ba.

Da na ɗan samu wurin zama, sai ƙanena ya biyo ni. Na je tashar Jabi na tarbe shi. A ledarsa akwai kaya kala biyu da kara, wato igiyar da 'yan dambe suke naɗe hannu da ita. A gida ɗan dambe ne, gadon gidanmu ne kamar yadda fawa take. Idan an gama girbi sai ya bi ƙauyuka, kuma ya sha kai waɗanda suka fi shi girma ƙasa.

Na ce masa, "Nan ba ƙauye ba ne. Ka ajiye igiyar nan ka koyi sana'a."

Ya ce, "To, Yaya."

Haka halinsa yake. Bai taɓa musu da ni ba. Sai dai ya ce to, ya je ya yi abin da ke ransa.

Na kai shi wurin wani mai faci da ke kusa da rumfata, ya fara koyon aiki. Can wani mutum ya gan shi. Mutumin tsohon soja ne, ɗan Filato, Kirista, yana gadin wani shagon kayan gyaran mota. Ya yi damben Turawa a bariki, hancinsa a baje, kunnensa ɗaya a dunƙule. Kowa Koci yake ce masa. A rumfata yake cin abinci, kuma Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ran nan yana cin tuwo ya hango ƙanena ya ɗaga tayar babbar mota ya jefa gefe kamar faifai.

Ya ce, "Madam, wannan yaron naka ne?"

Na ce, "Ƙanena ne."

"Yana da hannu. Amma hannu ɗaya ne da shi. Ka ba ni shi, zan ba shi na biyu."

Ban gane ba sai da aka yi mini bayani. A dambenmu hannu ɗaya ake naɗewa a yi duka da shi, ɗayan kuwa kariya ce kawai. A na Turawa ana sa safa a hannu biyu, kuma duka biyun suna duka. Akwai wani bambancin da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. A dambenmu ba a auna kowa. Makaɗi ya kira ka, ka fito, ko wanda ke gabanka ya ninka ka. A na Turawa sai an ɗora ka a sikeli, kowa da ajin nauyinsa, ba ka haɗuwa sai da daidai kai.

Na ce ban yarda ba. Ƙanena ya ce, "To, Yaya." Washegari na gan shi bayan rumfata tare da Koci.

Koci ba shi da ɗakin horo, ba shi da kayan aiki. Abin da Apo ta zubar, da shi yake horarwa. Farkon abin da ya yi shi ne ya yanko tif ɗin taya ya ɗaure hannun daman ƙanena a ƙugunsa. Haka zai wuni, da hagu zai ɗauki guduma, da hagu zai murza taya, da hagu zai doki buhun yashi da aka rataye a bishiyar mangwaro. Ba a kwance shi sai zai ci abinci ko zai yi salla. Kanikawa suka samu abin wasa.

"Kai mai faci, wa ya kama ka da sata?"

"A'a, ku bar shi, Koci ne ya kai hannun jingina!"

Ƙanena ma dariya yake yi, ya ce, "Ku jira a kwance shi, zan fara da mai baki."

Bayan haka sai turin mota. Akwai 'yar gangara bayan garejin, Koci zai shiga matacciyar mota ya taka birki kaɗan, ƙanena ya tura ta sama. Akwai wani ƙarfen birki mai nauyi da ake ɗaura wa igiya, ya ciji igiyar da tsumma, ya riƙa ɗaga kai yana saukewa, wai don wuya ya yi ƙarfi. Gishirin miyata ma bai tsira ba. Koci yana jiƙa shi a roba, ƙanena ya riƙa wanke fuska da shi, wai fata ta yi tauri kada ta tsage. Idan rana ta yi, ƙudaje sun taru a kan teburina, sai a tsayar da shi ya riƙa cafke su da hagu, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya taɓa kwanon kowa ba. Wannan kam na ji daɗinsa. Na ce wa Koci in dai wannan ne dambe, a bar mini shi kullum.

Ba zan ce ban ga amfanin horon ba. Jikinsa ya murɗe, tafiyarsa ta canza. Suka fara zuwa ƙananan wasanni, yana dawowa da murna. Ya fara maganar Legas, da ƙasashen waje, da yadda zai gina wa mahaifiyarmu ɗakin siminti. Ya ce ba zai tsufa yana tofa wa tif yawu yana neman inda ya huje ba.

A bazarar da abin ya faru, kafin ruwan farko, Koci ya zo da labari. Wani kamfani zai ɗauki nauyin babban wasa a wani otal, irin wanda ake biyan 'yan dambe, kuma wanda ya yi kyau za a tafi da shi Legas. An samu gurbi ɗaya. Sai dai gurbin na ajin da ke ƙasa da nauyin ƙanena ne. Ana gobe wasa za a auna kowa, wanda ya haura ko da kaɗan ne a cire sunansa a sa wani.

Koci ya ce, "Madam, daga yau ba tuwo, ba mai. Ganye da kifi kaɗan. Ka taimake mu."

Ni da nake ciyar da rabin layinmu, sai ga shi ina zuba wa ɗan'uwana abincin da ko mara lafiya ba zan ba shi ba.

Ana bukatar sikeli don a riƙa duba shi, kuma duk garejin ba mai irin wanda ake takawa. Wanda ake da shi kusa shi ne na wani dattijo, mutumin Zariya, mai sayen gwangwan, wato ƙarafan da suka gama aiki. Sikelinsa irin mai ƙugiya ne, a reshen wata bishiya yake rataye, ina hango shi daga rumfata. Dattijon ba mai yawan magana ba ne. Aka roƙe shi, ya ce bismilla.

Akwai abin da kowa ya sani a Apo, ko in ce kowa yake ganin ya sani: sikelin 'yan gwangwan yana cin kilo biyu. Idan bakanike ya kai tsohon inji aka auna, sai ya ƙara biyu a zuciyarsa, ya yi ciniki a kan haka. Ba faɗa ake yi ba, ba zargi ba ne, al'ada ce kawai, yaro yana koyonta tare da sunayen sifana. Kuma ba wanda yake faɗa a gaban mai sikelin, don ba a kallon idon dattijo a ce masa sikelinka yana sata. Koci ya daɗe a Apo, shi ma haka ya sani. Duk abin da allura ta nuna, sai ya ƙara biyu a ransa.

Ranar farko da aka auna ƙanena ina tsaye da ludayi a hannu. Suka zagaya masa tif ta ƙarƙashin hammata, suka maƙala a ƙugiya, ya naɗe ƙafafunsa sama. Ya riƙa lilo a hankali, allura tana rawa.

Wani mai walda ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, nawa kilo? A yanko mini ta wajen cinya!"

Aka fashe da dariya, har da ƙanena. Ni na koma cikin rumfa. Abin da na gani a reshen nan na san shi tun a gidanmu, kuma ban so kamannin ba.

Nauyi ya riƙa sauka. Kumatunsa suka faɗa, haƙarƙarinsa ya fito. Ana saura 'yan kwanaki, allura ta tsaya daidai inda ake so. Ƙanena ya sauko yana murna. Koci ya ja shi gefe, nesa da kunnen dattijon, ya ce, "Kada ka yi murna. Sikelin gwangwan ne. Saura biyu."

Biyun nan su suka ƙi. Babu sauran kitse a jikinsa da zai narke. Ya yi gudu, ya tura mota, allura ba ta motsa ba. Sai Koci ya ce abin da ya rage ruwa ne, kuma ruwa ana iya matse shi, in an gama awo a mayar. Ya ce haka aka yi musu a bariki, haka manyan 'yan dambe suke yi, sai dai su suna da ɗakin tururi.

Mu ba mu da ɗakin tururi, amma akwai wata baƙar mota a bayan rumfata. Wani babban ma'aikaci ya kawo ta gyara tun zamanin soja, da mulki ya canza ya samu sabuwa, bai sake waiwayarta ba. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, amma gilasanta duk lafiya lau. Da rana ko kaza ba ta hawa kanta.

Koci ya samo manyan ledojin shara, ya huda wurin kai da hannu ya sa wa ƙanena, ya ɗora rigar ruwa, ya ɗora rigar sanyi. Idan rana ta take, sai ya shiga motar a rufe ƙofa. A ba shi tsamiya ya riƙa tsotsa yana tofar da yawu a gwangwani, don yawu ma nauyi ne. Koci yana zaune a inuwa yana duba agogo. Idan ya fito, sai a kwance ledar, gumi ya zubo ƙasa kamar an tuntsurar da buta. Ruwan sha kuwa, murfin gora ɗaya, shi ma kurkure baki ne ya fi yawa. Ko alwala zai yi, Koci yana tsaye yana kallon maƙogwaronsa.

Na sami ƙanena a zaune bayan la'asar, leɓɓansa sun tsage. Na ce, "Wannan ba horo ba ne. Ka bari."

Ya ce, "Yaya, ai kamar azumi ne."

Na ce, "Mai azumi yana shan ruwa da magariba."

Ya yi murmushi ya ce, "Tawa magaribar ranar awo ce."

Na juya kan Koci. Na ce masa ko rago za a yanka sai an ba shi ruwa. Bai yi fushi ba. Ya cire hularsa ya nuna mini kansa da furfura, ya ce, "Madam, ni ma na yi, ga ni ban mutu ba. Wallahi yaron nan kamar ɗana ne. In ya wuce da kaɗan, za su cire shi. Duk wahalar da ta sha ya tafi banza. Kana so haka?"

Na san ba mugunta yake yi ba. Tun da aka hana ƙanena tuwo shi ma ya daina ci a gabansa.

Ana gobe awo zafin ya fi na kullum. Sama ta yi fari, ko iska babu. Ina zuba wa mutane abinci, ina miƙa musu ruwa mai sanyi, suna sha suna watsa saura a ka, motar kuwa tana bayana. Da na kasa daurewa, na ɗauki fiya wata ɗaya daga ƙasan kula, na zagaya. Koci ya tafi kama ruwa. Na taɓa murfin motar, ya ƙona ni. Ta gilashi na ga ƙanena ya jingina kai da kujera, ido a rufe, baki a buɗe. Gumin ma ya daina fitowa. Na buga gilashin. Ya buɗe ido a hankali, na ɗaga masa ruwan.

Ya daɗe yana kallon ledar ruwan. Ƙofar ba a kulle take ba, hannunsa yana kusa da mabuɗin. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya girgiza kai, ya dunƙule hannun hagu ya manna a gilashi, ya sake rufe ido. Na buɗe ƙofar da kaina, zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunyar tuwo. Na ce, "Fito."

Da ƙyar muryarsa ta fita. Ya ce, "Yaya, don girman Allah. Saura kaɗan."

Wannan ne karo na farko da ya ƙi maganata a fili. Ya jawo ƙofar ya rufe.

Da yamma aka rataye shi, allura ta sauka da biyun nan cif. Sai da aka riƙe shi ya iya tsayuwa. Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, lafiya kuwa?" Koci ya ce lafiya lau, Baba, an gama.

Da safe suka tafi wurin awo, can wajen tafkin Jabi. Ban bi su ba, wuri ne da maza suke tuɓe riga. Wajen azahar suka dawo. Ƙanena yana riƙe da gorar ruwa, yana dariya da busassun leɓɓa.

"Yaya, na wuce! Har da canji!"

Kanikawa suka taru. Aka ce canjin me? Ya ce da ya hau sikelin masu wasan, sai ya yi ƙasa da abin da ake nema da kilo biyu. Har mai awon ya tambaye shi ko aji na ƙasa yake son shiga.

Mai waldan nan ya tafa hannu ya ce, "Kai! Ashe sikelin Baba gaskiya yake faɗa? To mun daɗe muna cutar bawan Allah!"

Aka yi ta dariya. Koci bai yi ba. Ya zauna a benci ya zuba wa baƙar motar ido. Ni ma na gane a lokacin. Tun ranar da allura ta fara tsayawa daidai, an gama. Duk shigar da ya yi motar nan, ba a bukatarta.

Na dama masa kunu, na dafa shinkafa mai laushi. Ya sha ruwa ya amayar. Ya sake sha a hankali, ya zauna. Abincin cokali kaɗan ya ci, ya ce kansa yana sarawa. Na ce a je asibiti a ƙara masa ruwa. Koci ya yarda, shi ya fara miƙewa ma. Ƙanena ya ce in masu wasan suka ji ya kwanta asibiti za su cire shi, barci kawai yake bukata.

Washegari na rufe rumfata, abin da ban taɓa yi ba tun da na buɗe ta. Kanikawa suka cika bas, muka tafi. Nasa wasan ne na farko, da la'asar, mutane ba su gama cika ba. Ɗakin sanyi ƙalau, fitilu ko'ina, masu manyan riguna suna ta amsa waya a kujerun gaba. Na zauna can baya. Babu kalangu, babu kirari, sai wata ƙararrawa.

Ban san ƙa'idar wasan ba, amma na ga hagun nan tana aiki. Tana fita da sauri kamar yadda yake cafke ƙudajena. Mutanenmu suna ihu, "Mai faci! Huda shi, mai faci!" Can tsakiyar wasa abokin karawarsa ya same shi a gefen kai. Ba wani babban duka ba ne. Na ga an yi masa wanda ya fi shi da kara a ƙauye, ya share jini ya ci gaba. Wannan ma ya ci gaba. Sai dai na lura ƙafafunsa sun yi nauyi, kuma idan ya koma kusurwa Koci yana masa magana, shi wani wuri yake kallo.

Ya kai ƙarshe a tsaye. Alƙalin wasa ya tsaya tsakiya, ya riƙe hannun kowa, ana jiran a faɗi wanda ya ci. Kafin a faɗa, gwiwoyin ƙanena suka lanƙwashe. Ya sauka a hankali, hannunsa yana hannun alƙalin. Har yau ban san wanda aka ba wasan ba. Akwai waɗanda suka so su gaya mini, na ce su bari.

A asibiti suka rataya masa ledar ƙarin ruwa, in ta ƙare a sa wata. Na zauna ina kallon ruwan yana ɗiga. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce jini ya zuba a cikin kansa, ƙodarsa ma ta gaza. Ta tambaye ni, "Me ya busar da shi haka? Gudawa ya yi?" Na ce a'a. Ta tsaya tana jira in ƙara bayani. Na rasa ta inda zan fara mata labarin mota da leda da tsamiya.

Bai farka ba. Da hantsi, ranar wata Talata, ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kanikawa suka yi masa komai, Allah ya saka musu. Su suka kai shi. Da suka dawo daga maƙabarta, na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa a bakin ƙofa, bai san ina ji ba, wai makarar ba nauyi, kamar yaro suka ɗauka.

Koci ya zo gaisuwa. Bai shiga cikin mutane ba, ya tsuguna a waje da hula a hannu har rana ta juya. Da na fito ya ce, "Madam," ya sunkuyar da kai. Na ce masa kwana ne ya ƙare. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, kuma na yarda da shi, amma ban iya kallon fuskarsa ba. Bai daɗe ba ya bar gadin, aka ce ya koma garinsu. Na kai wa mahaifiyarmu ledar kayansa da karansa. Ta tambaye ni ko ya sha wahala. Na ce mata dukan dambe ne. Ban gaya mata sauran ba har ta bar duniya.

Da na dawo Apo damina ta sauka. Na buɗe rumfa, don 'ya'yana suna jira. Amma motar tana nan. Duk sanda na zagaya zubar da ruwan wanke-wanke sai na gan ta, ruwan sama yana gangarowa a gilashinta, gwangwanin nan yana ciki a kan kujera. Na je wurin shugaban garejin na ce masa, "Oga, ko a ɗauke motar nan, ko ni in tashi." Aka nemi mai ita ba a samu ba. Shugaban ya ce a yanka ta.

Masu walda suka wuni suna yankawa. Aka riƙa kai ta gunduwa-gunduwa wurin dattijon, don shi ne mafi kusa. Na tsaya a bakin rumfa ina kallo, ina so in ga ƙarshenta. Aka maƙala ƙofar a ƙugiya, ita ce wadda na buɗe ran nan. Dattijon ya faɗi abin da allura ta nuna. Sai wani bakanike, baki ya riga tunani, ya ce wa na kusa da shi, "Ka ƙara biyu."

Dattijon ya ji. Ya ce, "Biyun me?"

Kowa ya kau da kai. Ya sake tambaya. Mai waldan nan ne ya matsa kusa, ya rage murya ya gaya masa komai, tun daga al'adar har zuwa abin da Koci yake yi duk sanda aka sauko da ƙanena daga ƙugiya. Ashe duk tsawon lokacin nan ba wanda ya gaya masa. Shi a zatonsa abin da sikelinsa ya faɗa da shi ake aiki.

Dattijon ya sauke hannunsa daga ƙofar motar. Sannan ya tako har rumfata, abin da bai taɓa yi ba, don daga gida ake kawo masa abinci. Ya tsaya a bakin inuwa, bai shigo ba.

Ya ce, "'Yata, da an tambaye ni."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Kullum a gabana ake rataye shi."

Na ce, "Na sani."

Ya koma. Bai ƙarasa awon motar ba, ya ce a kai wa wani. Ya sa aka hau bishiyar aka kwance sikelin, ya mayar da shi can bayan shagonsa, inda ba na hangowa daga rumfa. Reshen yana nan da sawun igiyar a jikinsa.

Na ci gaba da sayar da abinci a wurin shekaru da yawa bayan haka. Waɗanda suka san abin da ya faru sun ragu, wasu sun tashi, wasu sun mutu, sababbi sun zo. Ran nan wasu kanikawa biyu suna cin shinkafa a teburina, suna shawarar kai tsohon inji wurin 'yan gwangwan. Babban yana koya wa ƙaramin yadda ake yi. Ya ce duk abin da sikeli ya nuna, ka ƙara biyu a ranka, kada dai ka faɗa a gabansu. Na ajiye musu ruwa, na ce su sha, ban sa a kuɗin abincin ba.